Yadda Ake Shirya wa Shiga Jami'a Tun Daga Ƙaramar Sakandare: Jagora ga Ɗalibai da Iyaye Mazauna Legas

A gidaje da yawa na Hausawa a Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12, ba a tayar da maganar jami'a sai yaro ya shiga aji uku na babbar sakandare, an ji cewa hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'a, ta fara sayar da fom. A lokacin ne ake neman kuɗin lasin da gaggawa, ake tambayar maƙwabta wane kwas ne ya fi kawo aiki. Alhali kuwa yawancin abubuwan da ke yanke hukunci a kan samun gurbi an riga an gama da su shekara biyu ko uku kafin ranar: darussan da yaro ya zaɓa, irin makin da ya saba samu, da kuma sunan da aka rubuta a takardunsa. Wannan jagora ta bi shekarun sakandare shida ɗaya bayan ɗaya, ta nuna abin da ya kamata a yi a kowane mataki.

Mataki na farko: a gyara takardu tun yaro yana ƙaramar sakandare

Na sa wannan a gaba ne domin shi ne abin da ya fi sauƙin gyarawa da wuri, kuma shi ne ya fi wahalar gyarawa a makare. Tun shekarar 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, kuma sunan ɗalibi da ranar haihuwarsa da ke fitowa a rajistar daga rumbun bayanan hukumar NIMC, mai ba da lambar NIN, ake ɗauko su kai tsaye. Saboda haka duk kuskuren da ke jikin NIN zai bi ɗalibi har cikin jami'a.

Matsalar ta fi shafar mu saboda yadda muke rubuta sunaye. Yaro ɗaya zai kasance Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a rajistar makaranta, Muhammadu a NIN. Wani a makarantar firamare an sa masa sunan mahaifinsa a matsayin sunan ƙarshe, a sakandare aka sa sunan kakansa, wani wurin kuma sunan garinsu. Ga kuma malaman makarantun Legas waɗanda ba Hausawa ba ne, suna rubuta sunan yadda suka ji shi a kunne. Abin da za a yi shi ne uba ko wa ya zauna da takardun yaro gaba ɗaya, a tsayar da sunaye biyu ko uku da tsarin jerinsu da harafinsu, a tsayar da ranar haihuwa ɗaya wadda ta dace da takardar hukumar ƙidaya ta ƙasa, sannan a kai wannan rubutun ga makaranta kafin a yi rajistar jarrabawar BECE ta ƙarshen aji uku. Idan akwai gyara a NIN, a yi shi a wannan lokacin da babu abin da ke kora.

A duba shekarun yaro kuma. Ƙa'idar da ake bi yanzu ita ce sai ɗalibi ya cika shekara 16 kafin a ba shi gurbi a babbar makaranta. Iyayen da ke son a tsallakar da yaro aji don ya gama da wuri su lissafa wannan, domin yaron da ya gama sakandare yana ɗan shekara 14 zai zauna a gida ne yana jira, kuma sakamakon jarrabawar JAMB na shekara ɗaya ne kawai, ba a ajiye shi.

Ta fuskar karatu, abu biyu ne aikin waɗannan shekaru uku: Turanci da Lissafi. Yaron da ya tashi a Legas yakan iya Hausa a gida, Yarbanci da Turancin Buroka a titi, kuma wannan baiwa ce, amma tana ruɗar iyaye su ɗauka cewa ya iya Turancin jarrabawa. Turancin da ake ci da shi a WAEC, wato jarrabawar kammala sakandare, na rubutu ne, ana samun sa ta hanyar karanta littafi da jarida da rubuta insha'i ana gyara wa yaro. A Lissafi kuwa, wanda bai fahimci lissafin ɓangarori (fractions) da aljabara ta farko a ƙaramar sakandare ba zai yi ta jan ƙafa har ƙarshe.

Mataki na biyu: zaɓen ɓangare a aji ɗaya na babbar sakandare

Nan ne ake raba ɗalibai zuwa ɓangaren kimiyya, ko na kasuwanci, ko na adabi da zamantakewa, kuma wannan rabon shi ne ke buɗe wasu ƙofofi ya rufe wasu. Bai dace a bar shi ga yaro ɗan shekara 13 ko 14 shi kaɗai ba, domin sau da yawa abokansa zai bi. Bai kuma dace uba ya tilasta kimiyya don kawai yana son a ce ɗansa likita ne ba, idan sakamakon Lissafi da kimiyya na shekaru uku da suka wuce yana nuna akasin haka.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a fara daga ƙarshe a dawo baya. JAMB tana wallafa kundin kwasa-kwasai da manhajar kowane darasi kyauta a shafinta na intanet, kuma kundin yana nuna darussan da kowane kwas yake buƙata a kowace jami'a. A zaɓi kwasa-kwasai uku ko huɗu da yaro yake sha'awa, a rubuta darussan da suke nema, sannan a tabbatar duk suna cikin waɗanda zai ɗauka. Mai neman likitanci ko haɗa magunguna yana buƙatar Fiziks da Kimistiri da Bayoloji. Mai neman injiniyanci yana buƙatar Lissafi da Fiziks da Kimistiri. Mai neman karatun shari'a ba shi da makawa sai da Adabin Turanci, tare da darussa irin su Gwamnati ko Tarihi ko Nazarin Addinin Musulunci. Mai neman akanta yana buƙatar Lissafi da Ikonomiks. Adabin Turanci shi ne wanda aka fi yin asara a kansa, domin ɗalibai kan guje masa saboda yawan littattafan da ake karantawa, sai a aji uku su gano cewa ba za su iya neman shari'a ba.

Akwai wata dama da 'ya'yanmu suke da ita, wadda ake yawan mantawa. Larabci da Nazarin Addinin Musulunci da Hausa darussa ne cikakku a WAEC da NECO (ita ma jarrabawar kammala sakandare ce) da JAMB. Yaron da ya yi shekaru a Islamiyya, kuma yana ɓangaren adabi, zai iya samun maki mai kyau a cikinsu. Sai dai ba kowace makaranta a Legas ke da malaminsu ba, don haka a tambayi shugaban makaranta tun a aji ɗaya ko za a iya yi wa yaro rajistarsu. Kada kuma a ɗauka cewa karatun Islamiyya kaɗai ya wadatar, domin jarrabawar tana da manhajarta, kuma da Turanci ake amsa tambayoyin Nazarin Addinin Musulunci. Shi kuwa Yarbanci, wanda dokar jihar ta 2018 ta wajabta koyar da shi a makarantu, yaron da ya tashi yana jin sa kada ya raina shi, darasi ne da zai iya ci da sauƙi.

Mataki na uku: aji biyu, shekarar da ake yin aikin gaske

Aji uku gajere ne, domin zangonsa na biyu rajista da gwaji ke cinye shi, na uku kuma jarrabawa ce. Mafi yawan manhaja a aji ɗaya da aji biyu ake koyar da ita. Bugu da ƙari, makarantu suna aika wa WAEC makin gwaje-gwajen ɗalibi na shekarun babbar sakandare, saboda haka sauya makaranta barkatai, ko tura yaro Arewa na wata biyu a tsakiyar zango don biki, yana barin giɓi a karatu da kuma a rajista.

A nan ya kamata ɗalibi da iyayensa su fahimci yadda ake lissafin makin shiga, domin fahimtarsa tana sauya yadda ake karatu. WAEC tana ba da sakamako daga A1 zuwa F9, kuma daga C6 zuwa sama ne ake kira kiredit. Abin da aka saba nema shi ne kiredit biyar a darussan da suka dace da kwas, har da Turanci da Lissafi. Mutane da yawa suna tsayawa a nan, suna ganin C6 da A1 duk ɗaya ne tunda duka kiredit ne. A Jami'ar Legas da ke Akoka ba haka ba ne. A tsarin da take bi a 'yan shekarun nan, makin JAMB yana ɗaukar kashi 50 cikin 100, jarrabawar tantancewa ta jami'ar kashi 30, sakamakon sakandare kuma kashi 20. Ana raba makin JAMB gida takwas, sannan a darussa biyar ɗin A1 tana da maki 4, B2 tana da 3.6, ana sauka har zuwa C6 mai maki 2. Ɗalibin da ya ci 280 a JAMB amma yake da C6 biyar zai tashi da 35 da 10, wato 45. Wanda ya ci 240 amma yake da B2 biyar zai tashi da 30 da 18, wato 48. Na biyun ya wuce na farko tun kafin a shiga ɗakin tantancewa, duk da cewa na farkon ne aka yi wa murna a unguwa ranar da sakamakon JAMB ya fito. Jami'ar kuma tana neman kiredit biyar ɗin a zama ɗaya, ba ta karɓar haɗa sakamako biyu, tana neman aƙalla 200 a JAMB, kuma sai wanda ya zaɓe ta a matsayin ta farko. Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo ita ma tana auna sakamakon sakandare tare da makin JAMB a tantancewar da take yi ta intanet.

Saboda haka a aji biyu ɗalibi ya ware darussa biyar da kwas ɗinsa yake nema, ya mayar da su abin da yake neman A ko B a cikinsu. Ya sami littattafan tsofaffin tambayoyin WAEC da JAMB, waɗanda ake samu a shagunan littattafai na Yaba da sauran wurare, amma ya yi amfani da su bayan ya karanta babin, ba a madadin karatun ba. Duk tambayar da ya faɗi ya koma littafi ya gano dalili. Ɗaliban kimiyya su matsa a kan aikin ɗakin gwaji, domin WAEC tana da takarda ta musamman a kansa, kuma yaron da bai taɓa riƙe kayan awo da hannunsa ba ba zai koye su a mako ɗaya ba.

Batun lokaci a Legas sai an yi masa tsari na gaskiya. Yaron da ke fita da asuba, ya dawo da yamma bayan cunkoson motoci, ya tafi Islamiyya, sannan ya tsaya a shago ko rumfar mahaifinsa har dare, ba shi da sa'ar karatu ko ɗaya, komai kaifin ƙwaƙwalwarsa. Yarinya kuma aikin gida ne ke cinye nata lokacin. A ganina nauyin wannan yana kan iyaye: su ware wa yaro sa'a biyu a kullum waɗanda ba a aiken sa a cikinsu, ko bayan sallar asuba ko bayan isha'i, su kuma tanadi fitila mai caji saboda ɗaukewar wuta. A wannan shekarar ce kuma ya kamata yaro ya saba da kwamfuta. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, WAEC ma ta fara bin wannan hanya a 2024 da masu rubutawa daga waje. Iya danna waya daban yake da zama gaban kwamfuta ana amsa tambaya 180 cikin sa'a biyu agogo yana tafiya.

Mataki na huɗu: a san jihar asali, a zaɓi jami'a da ita

Wannan shi ne abin da ya bambanta ɗan Bahaushe mazaunin Legas da abokin karatunsa, kuma ya kamata a tattauna shi a hutun ƙarshen aji biyu. Ƙa'idar ba da gurbi a jami'o'in tarayya ta kasu uku: kashi 45 cikin 100 bisa cancanta ga kowa da kowa, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ayyana a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi, waɗanda yawancin jihohin Arewa suna cikinsu. Abin da ake dubawa shi ne jihar asali da ke takardun ɗalibi. Yankin Jami'ar Legas shi ne jihohin Legas da Ogun da Oyo da Osun da Ondo da Ekiti, kuma jami'ar takan fitar da makin cancanta na kowane kwas, sannan ta fitar da na waɗannan jihohi shida. Yaron da aka haifa a Agege amma takardarsa ta ce Katsina ko Kano ko Sakkwato, ba ya cikin kashi 35 na yanki, don haka makin cancanta shi ne abin da zai sa a gaba, wanda yawanci shi ne mafi tsayi. Jami'ar Jihar Legas kuma, kasancewarta ta jiha, tana fifita 'yan asalin jihar, tana da kwamitin da ke tantance su.

Yaron nan dai, idan ya nemi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Bayero ta Kano, ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ko jami'ar jiharsa ta asali, zai iya kasancewa ɗan yanki. Ba ina cewa kowa ya kwashe ya tafi Arewa ba ne. Akwai kuɗin mota da na masauki, akwai iyayen da ba za su yarda 'yarsu ta yi nisa ba, akwai kuma yaran da makinsu ya isa su yi gogayya da kowa a Akoka. Abin nufi shi ne a yi zaɓin da ido buɗe, a kwatanta makin da yaro yake samu a gwaji da makin da jami'ar ta tsayar a kwas ɗin a shekarun baya. A kuma tuna cewa Legas tana da wasu ƙofofin: Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta jiha a Ikorodu da Jami'ar Ilimi ta jiha a Ijanikin, waɗanda aka ɗaga zuwa matsayin jami'a a 2022, da Kwalejin Fasaha ta Yaba wadda take nan tun 1947.

Duk jihar da aka tsayar, a nemi takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumar tun a wannan hutun, lokacin da ake zuwa gida, kada a jira sai jami'a ta ba da mako biyu a kawo ta. Kada kuma a sayi takardar wata jiha ta ƙarya, domin ana iya soke gurbi ko bayan an fara karatu.

Mataki na biyar: rajista da jarrabawa a aji uku

Rajistar WAEC ta makaranta ake yi, kuma gwamnatin Jihar Legas ta daɗe tana biya wa ɗaliban makarantunta kuɗin. Kafin a aika da sunaye, ɗalibi ya duba nasa harafi bayan harafi, da ranar haihuwa, da jerin darussa. Wanda yake da hali ya yi NECO ma, ta zama madogara idan wani darasi ya faɗi.

Rajistar JAMB takan fara ne a farkon shekara, a yi jarrabawar wajen watan Afrilu. Ana farawa da aika lambar NIN ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019, a sami lambar da za a sayi fom da ita. Layin wayar da aka yi amfani da shi shi ne zai riƙe asusun ɗalibi har ƙarshe, don haka ya zama layin ɗalibin ne ko na mahaifinsa ko na mahaifiyarsa, wanda ba za a yar ba, kuma kada a taɓa amfani da layin mai shagon intanet ko na malamin lasin. Muhimmancin wannan ya fito fili a 2025, lokacin da hukumar ta amince cewa matsalar na'ura ta shafi cibiyoyi a Legas da jihohin kudu maso gabas, ta sake wa ɗalibai kusan 380,000 jarrabawa cikin 'yan kwanaki kaɗan da sanarwa. Rajistar kanta a cibiyar da hukumar ta amince da ita kawai ake yi, kuma zuwa da kai ya fi saƙo, domin za a ɗauki hoto da zanen yatsu goma. 'Yan mata su guji lalle a yatsu kafin rajista da kafin jarrabawa, domin hukumar ta sha gargaɗi cewa yana hana na'ura gane zanen, kuma wanda na'ura ba ta gane ba ba ya shiga ɗaki. Idan akwai biki ko salla a kusa, a haƙura a wannan karon.

Darussa huɗu ake yi, Turanci dole ne, sauran ukun kuma su dace da kwas kamar yadda kundin ya nuna. Jimlar maki 400 ce. Akwai littafin labari da hukumar ke sanyawa a cikin Turanci, a karanta shi gaba ɗaya. Akwai jarrabawar gwaji ta ganin dama, kuma ina ba da shawarar a yi ta. Wajen zaɓen garin jarrabawa a yi rajista da wuri don a sami na kusa da gida, sannan idan takardar cibiya ta fito a je a ga wurin kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, domin rukunin farko da sassafe ake tantance su, kuma mai tasowa daga Agege zuwa Ikorodu ko Ajah ya san abin da hanya ke yi.

Game da cibiyoyin da ke alkawarin kawo amsa, magana ɗaya ce: WAEC tana riƙe sakamakon da take zargi, tana soke shi, kuma yaron da aka saya wa A1 zai zauna shi kaɗai gaban kwamfutar JAMB.

Mataki na shida: bayan sakamako ya fito

Mafi ƙarancin makin da ake sanarwa a ƙasa, wanda ya kasance 150 ga jami'o'i a 2025, ba shi ne makin shiga kwas ba, ƙasa ce kawai wadda jami'a ba za ta sauka ƙarƙashinta ba. Idan makin ɗalibi bai kai abin da kwas ɗinsa ke nema ba, JAMB tana ba da damar sauya kwas ko jami'a, kuma gara a yi hakan da wuri kafin jami'ar da ake so ta rufe tantancewarta. Da zarar sakamakon WAEC ya fito, yawanci a watan Agusta, a je cibiyar da aka amince da ita a ɗora shi a asusun JAMB, domin ba a ba da gurbi ga wanda sakamakonsa bai hau ba.

Tun 2017 duk gurbi na halal ta CAPS, wato shafin ba da gurbi na JAMB a intanet, yake fitowa. Ɗalibi ya riƙa duba asusunsa a kai a kai, idan an ba shi ya karɓa cikin wa'adin da aka sa, sannan ya buga takardar. Gurbin da wani ya ce zai samo a bayan fage da kuɗi, wanda bai bayyana a CAPS ba, yana iya hana ɗalibi zuwa bautar ƙasa bayan ya gama shekara huɗu. Wanda ya sami gurbi a makarantar gwamnati kuma kuɗi ya yi ƙaranci, akwai asusun lamunin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024, ga kuma hukumar tallafin karatu ta jiharsa ta asali, inda takardar ƙaramar hukumar nan za ta sake yin amfani.

Wanda bai samu ba a shekarar farko yana da hanyoyi uku. Idan kiredit ne ya gaza, ya rubuta WAEC ko NECO ta masu zaman kansu. Idan makin JAMB ne, ya sake zama a shekara mai zuwa, da sabuwar rajista a kan layin wayar da ya yi ta farko. Ko kuma ya shiga shirin share fage na kusan shekara ɗaya, wato JUPEB wanda Jami'ar Legas take cikin masu gudanar da shi, ko IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello, waɗanda ke kai mai sakamako mai kyau aji biyu na jami'a kai tsaye. Kafin a biya kuɗin kowanne, a tabbatar daga jami'ar da ake nufi cewa tana karɓar wannan shirin a wannan kwas ɗin, kuma cibiyar da za a yi karatun tana cikin jerin waɗanda hukumar shirin ta amince da su.